Muhammadu al-Katsinawi

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda littattafan Larabci ke kira al-Kashnawi, malami ne Bafulatani daga ƙasar Katsina. Ya rasu a birnin Alƙahira a shekarar 1741 (1154 Hijira). Ya yi fice a nahawu da lissafi da ilimin taurari, an kuma fi saninsa da rubuce-rubucensa a kan hatimin lambobi. A zamaninsa lissafin tafiyar taurari da yin duba da su suna zaune a littafi guda. Binciken kimiyya na baya ya tabbatar da lissafin, amma bai sami hujjar da ke goyon bayan duban ba.

Farkon rayuwa da karatu

Ya tashi a lokacin da Katsina ke cikin manyan garuruwan ilimi da fatauci na ƙasar Hausa, garin da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka yi zamani a ƙarni na 17. Yawancin abin da aka sani game da shi ya fito ne daga littafin Aja'ibul Asar na masanin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti.

Al-Jabarti ya lissafa malamansa huɗu: Muhammadu al-Wali na Bagirmi, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fudu. Ya lizimci Muhammadu Fudu kimanin shekara huɗu, a gida da kuma a tafiya, yana karatun nahawu da sarfu har malamin ya yi masa laƙabi da Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Larabci. A wurin Muhammadu Bindu ya koyi lissafi da sanin lokuta bisa tafarkin malaman Magrib, da ilimin haruffa da na hatimi.

Hajji da zaman Masar

Ya yi aikin Hajji a shekarar 1142 Hijira, wato 1730, ya kuma zauna a Makka na wani lokaci. Daga nan ya wuce Alƙahira, inda ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, masanin falaki kuma mahaifin marubucin tarihin. Hasan ya karanci ilimin hatimi a wurinsa. A wannan gida ya rasu, bayan ya yi wasiyya Hasan ya kula da littattafansa da abin da ya bari. An binne shi a Bustanul Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin, aka rubuta sunansa a kan kabarin.

Littattafansa

Mafi shahara a cikinsu shi ne Ad-Durrul Manzum, a kan ɗalasimai da taurari. Ya fara shi a Makka, ya kammala a Masar cikin watan Rajab na 1146 Hijira. Ya gina shi ne a kan As-Sirrul Maktum, littafin da ake danganta wa Fakhruddin ar-Razi. Sai Bahjatul Afaƙ, a kan haruffa da hatimi, da Bulugul Arab a fannin nahawu, da Minahul Ƙuddus a fannin manɗiƙi.

Hatimin lambobi

Hatimi, ko wafaƙi a Larabce, murabba'i ne da aka raba gida-gida, aka zuba lambobi yadda jimillar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, za ta zama ɗaya. Mafi ƙanƙanta yana da gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina aka haɗa, 15 za a samu. Mai gida biyar a kowane layi jimillarsa 65 ce.

Al-Katsinawi ya bayyana hanyoyin tsara hatimin da yawan gidajen layinsa mara ne, kamar uku da biyar da bakwai. Wannan lissafi ne zalla, kowane ɗalibi zai iya gwada shi da alƙalami ya ga ya fita. Claudia Zaslavsky ta kawo aikinsa a littafinta na 1973 a kan tarihin lissafi a Afirka.

Sai dai malaman wancan zamani ba don lissafi kawai suke tsara hatimi ba. Sukan danganta kowane hatimi da ɗaya daga taurari bakwai masu tafiya: Zuhalu, Mushtari, Mirriku, Rana, Zahara, Uɗaridu da Wata. Sun ɗauka cewa idan aka rubuta shi a sa'ar tauraronsa zai yi tasiri a kan lafiya ko arziki ko soyayya. Har yau ana rubuta hatimi a allo da cikin laya a garuruwa irin su Kano da Katsina, kuma mutane na biyan kuɗi a duba musu sa'ar aure ko ta tafiya.

Matsayin kimiyya

Ilimin falaki yana auna inda rana da wata da taurari suke, da lokacin da za su kai wani wuri. Da shi ake fitar da lokutan salla da alƙibla da ranar husufi, kuma idan ranar ta zo ana ganin ko lissafin ya yi daidai. Manoman da ke lura da Kaza da 'Ya'yanta don sanin ƙaratowar damina su ma suna kan hujja. Taurarin ba su ke kawo ruwa ba, amma fitowarsu da faɗuwarsu na bin zagayen duniya a kewayen rana, wanda shi ke kawo sauyin yanayi.

Duba da taurari kuwa yana da'awar cewa burujin da aka haifi mutum a cikinsa na nuna halinsa da abin da zai same shi. An gwada wannan. A 1985 mujallar Nature ta buga binciken Shawn Carlson, inda aka ba masu duba 28 taswirar taurarin ranar haihuwar mutane, aka nemi su zaɓi bayanin halin mai taswirar daga cikin bayanai uku. Sun dace kimanin sau ɗaya cikin uku, daidai da abin da mai canka zai samu. Tsarin taurari bakwai shi ma bai tsaya ba: rana tauraro ce da duniya ke kewayawa, wata kuma yana kewaya duniya, sannan an gano Yuranus a 1781, shekara 40 bayan rasuwar al-Katsinawi, da Naftun a 1846.

Sukar duba da taurari ta girmi kimiyyar zamani. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta risala ta rushe shi, Ibn Khaldun kuma ya ware masa babi na raddi a cikin Muƙaddima.

Muhimmancinsa

Masana tarihi na kafa hujja da rayuwarsa wajen nuna zurfin karatun ƙasar Hausa da Barno da Bagirmi kafin jihadin 1804, tun da a can ya koyi ilimin da ya je ya koyar a Alƙahira. Ana ambatonsa a tarihin lissafi na Afirka saboda hanyoyinsa na tsara hatimi, Ad-Durrul Manzum kuma na cikin littattafan malaman Afirka ta Yamma da aka buga a Masar.