Stephen Butterworth, Malamin da Ya Gyara Rariyar Lantarki

An haifi Stephen Butterworth a garin Rochdale, kusa da Manchester a ƙasar Ingila, cikin shekara ta 1885. Ubansa mai raba wasiƙu ne a gidan waya. Ya shiga Jami'ar Manchester a 1904, a 1907 ya fita da digiri na kimiyya duk da takardar shaidar malanta, dukansu a daraja ta ɗaya. Ashe irin tamu hanyar ya fara bi. Shekara 11 yana karantarwa a kwalejin fasaha ta Manchester, sa'an nan ya koma ɗakin binciken gwamnati yana auna naɗin waya. A 1921 ya shiga aikin binciken rundunar jiragen ruwa.

Abin da ya sa ake tunawa da shi shi ne rariyar lantarki. Kun dai san yadda ake tankaɗe gari. To, lantarkin da ke ɗauke da murya yana karkarwa: na murya mai kauri a hankali, na siririyar murya da sauri ƙwarai. Akwai rariyar da ke barin mai jinkirin ya wuce, ta tare mai saurin. Ana haɗa ta da naɗin waya da kwandensa. In kun leƙa cikin akwatin lasifika wurin masu gyara a kasuwar Wunti, sau da yawa za ku ga naɗin wayar da ke keɓe wa babbar lasifikar murya mai kauri.

George Campbell na Amurka ya riga shi ƙirƙiro irin wannan rariya, amma ta zamanin nan tana da aibi: cikin muryoyin da ta bari, wata takan fito da ƙarfi, wata ta raunana. Ga wata wahala kuma. A kan takarda naɗin waya ba ya cin kome, amma na hannu tagulla ne, yana tauye lantarki, tauyewar kuwa tana ƙaruwa in karkarwa ta yi sauri. Butterworth ya daɗe yana auna wannan hasara, saboda haka bai kawar mata da kai ba. A makalarsa ta 1930 ya raba rariyar gida gida, kowane gida da naɗinsa da kwandensarsa, ya sa bawul tsakaninsu don kada wani ya dami wani, ya kuma lissafa tauyewar wayar cikin abin da gidan ke bukata. Sai muryoyin da aka bari suka fito kusan bai ɗaya, a bakin iyaka kuwa ƙarfinsu ya sauka zuwa rabi. Ƙara yawan gidaje yana ƙara kaifin yankewa. Bai tsaya ga lissafi ba, sai da ya haɗa ta ya gwada. A ganina nan ne malantarsa ta fito.

Mutane ba su rungumi dabarar nan da wuri ba, sai bayan shekaru masu yawa. Shi kuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana can yana binciken nakiyoyin ruwa masu bin maganaɗisu, da yadda za a tsare jirage daga gare su. An ba shi lambar girma ta OBE a 1942, ya huta da aiki a 1945. Ya rasu a gidansa a Cowes ran 28 ga Oktoba, 1958, yana da shekara 73.