Abubakar Imam: Sabon Marubucin Da Aka Datse Wa Littafinsa Na Farko

A ajinmu kaɗai na san mutum uku da ke rubuta littafi a waya, kuma duk ukun labarin soyayya ne da aljani a ciki. Wata ta sa aljani ya ga budurwa a bakin rafi ya hana ta aure, wani kuma saurayinsa ya auro mace ashe 'yar ruwa ce. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Wanda ya tashi a Bungudu ya sha jin labarin iskokin Dutsen Kwatarkwashi tun yana goye, na Tsafe da na Gusau ma kowa da irin abin da kakarsa ta tsorata shi da shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ɗaya daga cikin ukun nan ta daina rubutu kwata-kwata, don kawai wata ƙawarta ta ce mata labarin ya yi kama da wani fim ɗin Indiya. Ta yi fushi ta goge komai. Da ta san abin da ya sami Abubakar Imam a kan littafinsa na farko, da ba ta goge ba.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, don haka allo da littattafan Larabci ya fara buɗe ido da su. Yana da wa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya girme shi da kusan shekara 20, ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya kuma ya zama Walin Katsina. A Katsina ɗin Imam ya yi karatun boko. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927 ya fita a 1932, wato ya yi zamani ɗaya a makarantar da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da ya gama sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ka ga ke nan ya haɗa hannu biyu, Larabcin gida da Ingilishin makaranta, ga kuma Hausar da ya sha a nono.

A 1933, yana ɗan shekara 22, kamar tsaran da yawa daga cikinmu, sai ga sanarwar gasa daga Zariya. Wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara, ita ce daga baya ta koma Hukumar Talifi, ya lura cewa yaran da suka koyi karatun Hausar boko ba su da abin karantawa don nishaɗi. Sai ya bi garuruwan Arewa yana roƙon masu ilimi su ƙago labari su rubuta. Aikin bai zo masa da sauƙi ba. A wancan lokacin rubutu abu ne mai daraja, na addini da shari'a da waƙoƙin wa'azi. Ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara da dare. A ce babban malami ya zauna ya ɓata tawada yana shirya ƙarya? Da yawa sun ga abin da zubar da girma. Yau ma ai ba a rabu da Bukar ba: a gidaje da dama, ɗalibi ya ce yana rubuta littafin soyayya, kallon da za a yi masa ya ishe shi.

Imam ya shiga gasar da Ruwan Bagaja. Wanda ya karanta shi a sakandare zai tuna zaren labarin. Yarima ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka yi masa dariya a fada aka kunyata shi. Alhaji Imam, ɗan matar Liman, ya yi rantsuwa sai ya nemo ruwan nan. Ya bar Kwantagora ya shiga duniya, ya yi ta gamuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna yi wa juna mugunta gari bayan gari, har ya kai inda aljanu suke kafin ya samo ruwan. A duba da kyau a ga abin da ya tayar da tafiyar: ɗa ne ya ji zafin wulaƙancin da aka yi wa wanda ya riƙe shi. Aljanu sun shigo, amma ba su ne suka ɗauki labarin ba. Abin da mutane suka riƙe har yau shi ne rikicin Alhaji da Zurƙe, mutum biyu 'yan Adam masu wayo da son ramuwa.

To ga inda gizo ke saƙar. Da rubutun ya isa hannun East, ya ga hazaƙa ƙarara, amma kuma ya gane cewa akwai wuraren da saurayin malamin ya kwaso daga littattafan da ya karanta, bai ko sauya musu kama sosai ba. East ya gaya masa haka a wasiƙa, kuma ya cire waɗannan sassa kafin a buga. Imam da kansa bai ɓoye ba daga baya cewa Maƙamatul Hariri, littafin Larabcin nan da malaman zaure ke karantawa, ya yi tasiri a kan yadda ya gina Alhaji da Zurƙe. Masu nazari kuma sun nuna kamar da ke tsakanin neman ruwan magani da wata tatsuniyar Jamusawa da 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, suka tattara. Wato dai mutumin da ake kira uban ƙagaggun labaran Hausa, a littafinsa na farko edita ya kama shi da aro. Ku tsaya ku yi tunanin yadda hakan zai yi wa ɗan shekara 22 ciwo, ga shi malamin makaranta, ga wansa ma ya shiga gasar.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri a tsakanin 1934 da 1935: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East. Ga masu rubuta soyayya da sihiri, Jiki Magayi ne kakanku na kusa. Abubakar yana son Zainabu, attajiri Malam Shehu ya ƙwace ta, shi kuma ya shiga dazuzzuka neman asirin da zai rama, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta. Saboda haka wanda ya ce muku haɗa so da abin ɓoye baƙon abu ne da finafinan waje suka kawo, ku ce masa tun ranar da aka fara buga ƙagaggen labari da Hausar boko ake yin sa.

Mu koma kan Imam. Bai yi zuciya ya ajiye alƙalami ba, kuma dangantakarsa da editan da ya datse masa aiki ba ta ɓaci ba. A 1936 East ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina zuwa Zariya na wata shida, ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya ce ya karanta ya rubuta wa yaran Arewa abin da za su so. A wata shidan nan ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, labarai sama da 80, aka fara fitar da su a 1937. Abin lura, wannan karon ma aro ya yi, har ya fi na farko yawa. Akwai na Dare Dubu da Ɗaya, akwai na su Grimm, shi kansa aku mai ba da labari don ya hana wani fita, tsohuwar dabara ce daga Indiya da Farisa. Bambancin shi ne yanzu ya iya narka abin da ya aro. Sarki ya zama sarkin Hausa da fadawa da dogarai, alƙali ya zama irin wanda ake gani a kotun gari, wawa da mai wayo duk suna magana da bakin kasuwa, karin magana na bin karin magana. Mai karatu a Gusau zai rantse cewa a bayan gidansu abin ya faru. Tsakanin kwashe da narkewa akwai aiki mai yawa, kuma wannan aikin ne Imam ya koya a shekara ukun da ke tsakanin littattafan biyu.

Daga nan rayuwarsa ta juya. A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta kimanin shekara 12. Wanda aka yi wa gyara jiya, yau shi ke gyara wa wasu. Ta wannan jarida ce talakan da ya iya karatu ya riƙa jin labarin Yaƙin Duniya na Biyu da harshensa, ya kuma sami inda zai aika wasiƙar kuka. A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, har ya gana da Lugga, tsohon Gwamna, ya bayyana masa damuwar 'yan bokon Arewa game da mulkin En'e. Labarin wannan tafiya ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya taɓa siyasa a farkon shekarun 1950, ya yi wakilci a majalisa, sannan ya koma aikin littattafai a Hukumar NORLA, ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, ya kuma yi da kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a Zariya a 1966. A kula, NNPC ta littattafai ake nufi, ba ta man fetur ba. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1968.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ya tsaya wa ɗalibi a rai. Imam ya yi shekara 70 a duniya, ya riƙe manyan muƙamai, ya rubuta littattafan addini da na tarihi da na ilimi. Amma abin da ya sa yaro a Tsafe ya san sunansa yau shi ne abin da ya rubuta yana ɗan 22 da kuma 25. Da aikin jarida da na gwamnati suka rufe shi, bai ƙara samun sararin zama ya yi wani kamar Magana Jari Ce ba. Masu cewa sai sun gama difloma, sai sun yi bautar ƙasa, sai sun sami aiki sannan za su rubuta, su sani lokacin da suke jira ɗin nan ya fi wanda suke ciki cunkoso.

Kafin ya rasu, ya ga wani sabon zubi ya fara tsiro. A 1980 kamfanin NNPC ya buga littattafan da suka yi nasara a wata gasa, cikinsu har da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda ta daɗe tana zaune a nan Gusau. Labarin Boɗaɗo ne da Yasir, soyayyar da ta sha gwagwarmaya da dangi, har da aljana a tsakani. Ana lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, kuma ya share fage ga ambaliyar littattafan soyayya da ta biyo baya daga Kano. Ita ma, kamar Imam, ta ƙofar gasa ta shigo tana sabuwar marubuciya. Shekara guda bayan haka, ranar 19 ga Yuni, 1981, Allah Ya yi wa Alhaji Abubakar Imam rasuwa a Zariya. Tarihin rayuwarsa da ya bari, Abdurrahman Mora ya tace shi aka buga a 1989.

Saboda haka, 'yar'uwa mai aljanin bakin rafi, ƙawarki wataƙila gaskiya ta faɗa. Idan labarinki ya yi kama da fim ɗin Indiya, ki zauna ki duba inda kamar take. Wa ya ce budurwar sai ta yi rawa a cikin furanni? Ki mayar da ita ɗiban ruwa a gulbin Sakkwato inda ya ratsa Bungudu. Ki sa gwaggonta ta ce a kai ta wurin mai ruƙiyya, kakarta ta ce a'a, a nemo 'yan bori, uban kuma yana lissafin kuɗin sadakin da ya riga ya karɓa ya kashe. Ki tambayi kanki me yarinyar take so, me take tsoro, tun kafin aljanin ya iso. In an cire aljanin labarin ya rushe gaba ɗaya, to da sauran aiki. Sannan ki nemi wanda zai karanta ya gaya miki gaskiya, ko malamin Hausa ne ko ƙawar da ba ta jin kunyarki, ki ba shi jan biro da hannunki. Kwafe littafin wani ki sauya sunaye kuwa sata ce, kuma masu karatu sun fi East ido yanzu.

Allah Ya jiƙan Malam Abubakar Imam, Ya kai haske kabarinsa. Ke kuma ki duba wayarki, wataƙila abin da kika goge yana nan a kwandon shara bai fita ba tukuna.