WALIYYI FARANSIS BORJIYA: UBAN 'YA'YA TAKWAS A GABAN MALAMAI

An haifi Faransis Borjiya a garin Gandiya na ƙasar Sifen a shekara ta 1510, a gidan sarauta da dukiya. Ya yi hidima a fadar Sarki Charles na Biyar, kuma a 1529 ya auri Leonor de Castro. Allah ya albarkace su da 'ya'ya takwas. A 1539 aka naɗa shi wakilin sarki a Kataloniya, bayan shekara huɗu kuma ya gaji mahaifinsa a sarautar Gandiya.

A watan Maris na 1546 matarsa ta rasu. Babban ɗansu, Carlos, bai wuce shekara 16 ba, sauran kuwa duk suna biye da shi. Cikin wannan baƙin ciki Faransis ya ƙudura ba da ransa ga Allah a Ƙungiyar Yesu, wadda Waliyyi Ignatius na Loyola ya kafa. Da wani ne, sai ya ce masa ya bar kome ya taho nan take. Ignatius bai yi haka ba. Ya karɓe shi, amma ya umarce shi ya riƙe maganar a asirce, ya fara sauke nauyin da ke kansa: ya aurar da 'ya'yan da suka isa aure, ya tanadar wa sauran abin da za su dogara da shi, ya gama gine-ginen da ya soma, sa'an nan ya zauna ya karanta ilimin tauhidi har ya kai matsayin dokta.

A nan ne wahalar take. Mutum mai shekara 36, wanda ya saba a durƙusa a gabansa, shi ne ya koma yana zama gaban malamai a makarantar da shi da kansa ya gina a Gandiya, wadda Paparoma Bulus na Uku ya mai da ita jami'a a 1547. Talakawa ba su daina kawo ƙararrakinsu ba don mai sarauta yana karatu, yara kuma ba su daina bukatar uba ba, balle ga shi ba uwa a gidan. Duk wanda ya taɓa riƙe littafi da dare bayan aikin yini da kukan yara ya san abin da ake nufi, ko da yake, gaskiya, Faransis yana da barori, abin da yawancinmu ba mu da shi.

A watan Fabrairu na 1548 ya ɗauki alkawaran ƙungiyar a ɓoye, da izinin Paparoma na ci gaba da riƙe dukiyarsa har ya kammala da iyalinsa. A cikin shekarar nan ce Carlos ya yi aure. A 1550, yana dab da cika shekara 40, Faransis ya sami digirin dokta a tauhidi, ya kama hanyar Roma. Da ya komo Sifen a 1551 ya miƙa wa Carlos sarauta, aka naɗa shi firist.

Karatun nan bai tafi a banza ba. Ya tallafa da kuɗi wajen kafa Kwalejin Roma, wadda daga baya ta zama Jami'ar Gregoriya. A 1565 aka zaɓe shi shugaba na uku na Ƙungiyar Yesu, ya aika masu bishara zuwa Florida da Peru da Meziko. Ya rasu a Roma a 1572. Paparoma Clement na Goma ya sa shi cikin waliyyai a 1671.