Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa Da Zancen Farar Rigarsa

Duk ɗan Arewa da ke bin hanyar Ikko zuwa Abekuta yakan wuce ta wajen Ifo, galibi bai san a dajin nan aka tsinci gawar Firayim Ministan Nijeriya na farko ba.

An haifi Alhaji Abubakar a ƙasar Bauci cikin 1912. Ba ɗan sarauta ba ne. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito malami a 1933, ya koma koyarwa a Midil ta Bauci. A wannan zamani ya rubuta littafin Shaihu Umar. Ya tafi Ingila ƙaro ilmi a 1945, da dawowarsa ya shiga Majalisa. A 1950 ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a gyara mulkin En'e, sarakuna na nan da ƙarfinsu, abin da ba kowane malamin makaranta zai iya ba. Ya riƙe ministan ayyuka da na sufuri, ya zama Firayim Minista a 1957, shi kuma ya karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960.

Mutum ne mai sanyin hali da daɗin murya. Amma sanyin nan ya cuce shi, don da rikicin zaɓe ya kama Jihar Yamma a 1965, ana ƙone mutane da gidaje, bai yi hanzarin kashe wutar ba.

Daren 15 ga Janairu, 1966, cikin azumi, sojojin Manjo Emmanuel Ifeajuna suka ɗauke shi daga gidansa na Ikko, tare da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh. A daren ne aka kashe Sardauna a Kaduna, da Birgediya Zakariya Maimalari, ɗan ƙasar Yobe ta yau. Sai ran 21 ga wata aka ga gawar Firayim Minista, aka kai ta Bauci aka binne.

To, a nan gardama ta taso. Rahoton 'yan sandan ciki ya ce harbe shi aka yi, haka kuma yawancin mutane suka ɗauka. Amma a 2010 tsohon minista Matthew Mbu ya ce ciwon asma ne ya kashe shi a hannun sojojin. Segun Osoba, wanda ya je wurin yana ɗan jarida, daga baya ya zama gwamnan Ogun, ya ce ya tarar da gawar jingine da itace cikin farar riga, bai ga alamar harsashi ba. Waɗansu suka musa, suka ce gawar da ta kwana shida a daji ta riga ta lalace, ido kaɗai ba zai raba gardama ba.

Da rigar ta raba ta. Harsashi idan ya huda tufa yakan tura zaren bakin hujin ya bi inda ya nufa, yakan kuma bar ɓurɓushin ƙarfe. Haka aka yi da Shugaba Kennedy na Amurka, wanda ya karɓi baƙuncin Sir Abubakar a 1961, aka harbe shi a 1963. Ma'aikatan FBI sun sa kwat da taguwarsa ƙarƙashin madubin likita, suka ce zaren hujin baya ya lanƙwasa ciki, na wuyan taguwa ta gaba ya yo waje, watau daga baya harbin ya zo. Sun kuma sami zare a gindin bindigar wanda ya yi daidai da na rigar Oswald, wanda ake zargi. Ko da yake zare kama yake nunawa, ba ya rantsuwa a kan mutum ɗaya, shi ya sa can ma ba a daina musu ba. Amma dai akwai abin da za a ɗaga a nuna.

A nan kuwa gwamnatin Janar Ironsi ta tsare masu juyin mulkin, ba ta kai su kotu ba, balle a ajiye riga gaban alƙali. Ifeajuna kansa an harbe shi a Biyafara cikin Satumba 1967, kan wata tuhuma dabam. Ko harsashi ne ko asma, waɗanda suka fitar da dattijo daga gidansa da tsakar dare ba su kuɓuta daga alhakinsa ba. Kabarinsa na nan a Bauci, hotonsa kuma na kan takardar naira 5.