John Charnley: Likitan ƙashin da ya gwada roba a cinyarsa

Idan ciwon sikila ko tsufa ya cinye wa mutum gaɓar ƙugu a Gwiwa ko Kazaure, akan tura shi Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Ƙugun roba da ƙarfe da ake dasawa a irin wannan tiyata ya samo asali ne daga aikin wani likita ɗan Ingila, John Charnley.

An haife shi a garin Bury a 1911, ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Manchester a 1935, ya kuma yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya ya kafa cibiyar tiyatar ƙugu a asibitin Wrightington.

Farkon aikin bai zo masa da sauƙi ba. Robar Teflon da ya dasa wa marasa lafiya kusan 300 ta riƙa gogewa, burbushinta yana lalata nama da ƙashi, dole ya sake yi musu tiyata. A 1962 ya koma ga wata roba mai juriya, foliyetilin. Don ya ga yadda jiki ke karɓarsu, sai ya cusa burbushin robobin biyu a cinyarsa. Na Teflon ya kumbura, ɗayan kuwa bai dame shi ba.

Sabuwar robar ba ta jure zafin tukunyar turara kayan tiyata, shi ya sa kamfanoni suka riƙa kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta da hasken gamma, wanda ke ratsa kaya a cikin ƙunshinsu. Sai a shekarun 1990 aka gano illar hakan: idan an haska ta alhali akwai iska a ƙunshin, oksijin yakan ci ta sannu a hankali, ta yi rauni, ta goge da wuri. Daga nan aka koma haska ta a ƙunshin da babu oksijin. A ƙarshen shekarun kuma aka fara amfani da hasken wajen ƙara mata juriya.

Charnley bai ga wannan gyara ba. Sarauniyar Ingila ta ba shi muƙamin Sir a 1977, ya mutu a watan Agustan 1982. Kafin nan ya riƙa roƙon marasa lafiyarsa su ba shi izinin cire ƙugun da ya dasa musu bayan sun mutu, domin ya duba inda aikinsa ya yi kyau da inda ya gaza.