Bartalamawus Ziegenbalg: Mai Bisharar da Ya Tara Littattafan Tamilawa

A ranar 9 ga Yuli, 1706, wani jirgin ruwa na ƙasar Danmak ya tsaya a gaɓar Tarangambadi, wani ƙaramin gari a kudu maso gabashin Indiya, wanda Turawa ke kira Tranquebar. Cikin waɗanda suka sauka akwai samari biyu Jamusawa, Bartalamawus Ziegenbalg da abokinsa Heinrich Plütschau. Sun yi fiye da wata bakwai a hanya, gama tun ƙarshen Nuwamba na 1705 suka bar birnin Kopenhagen. Su ne masu bishara na fari da ikkilisiyoyin Furotesta suka aika zuwa Indiya. Ba wanda ya tarbe su da murna, kuma ba ɗayansu da ya san harshen Tamil, wanda mutanen ƙasar ke magana da shi. Ziegenbalg a lokacin yana gab da cika shekara 24, abin da ya rage masa a duniya kuwa bai kai shekara goma sha uku ba.

Ikkilisiya tana tunawa da shi a kan shi ne ya fara juya Sabon Alkawari zuwa harshen Tamil. Amma akwai wani aiki nasa da ba a cika ambata ba, wanda kuwa a kansa fassarar ta tsaya, wato ɗakin littattafan da ya tara na rubuce-rubucen Tamilawa.

Tasowarsa da Kiransa

An haifi Ziegenbalg a 1682 a garin Pulsnitz, cikin yankin Saksoni na ƙasar Jamus. Tun yana ƙarami ya rasa iyayensa duka biyu. Ana ba da labari cewa sa'ad da mahaifiyarsa take kan gadon mutuwa ta tara 'ya'yanta, ta shaida musu cewa ta ajiye musu babbar dukiya, kuma za su same ta cikin Littafi Mai Tsarki nata. Yaron ya tashi da son karatu, ko da yake ba shi da ƙoshin lafiya. Ya yi karatu na ɗan lokaci a birnin Halle a ƙarƙashin August Hermann Francke, malamin tauhidi wanda ya kafa gidan marayu da makarantu a can, har ciwo ya tilasta masa barin jami'a.

A waɗannan shekaru Sarki Frederick na Huɗu na Danmak ya ƙudura aika masu bishara zuwa Tarangambadi, inda 'yan kasuwar ƙasarsa suke da zango tun 1620 bisa yarjejeniya da sarkin Tanjabur. Da ba a sami mai zuwa daga Danmak ba, sai limamin fadar sarki, Franz Julius Lütkens, ya nema a Jamus. Ta haka kiran ya iske Ziegenbalg da Plütschau, suka kuwa amsa.

Makaranta a Kan Rairayi

Kamfanin cinikin Danmak bai yi maraba da su ba, domin yana tsoron kada wa'azi ya ɓata masa ciniki. Su biyun suka raba aiki. Plütschau ya fi mai da hankali ga harshen Fotugis, wanda bayi da barorin Turawa ke ji, Ziegenbalg kuwa ya fuskanci Tamil. Da yake ba shi da ƙamus ko cikakken littafin koyon harshen, sai ya shirya da wani tsohon malami ya dawo da makarantarsa cikin gidansu. Nan baƙon da ya fito daga jami'a ya zauna a ƙasa tare da ƙananan yara, yana zana baƙaƙe da yatsa a kan rairayi, yana maimaita abin da suke maimaitawa. Daga baya ya sami wani tafinta mai suna Alagappan, wanda ya san harsunan Turai, ya buɗe masa ma'anar kalmomi.

Da ya iya karatu sai ya shiga neman abin karantawa. Littattafan Tamilawa a wancan zamani ba a kan takarda suke ba. Ana rubuta su ne a kan ganyen wata bishiya 'yar'uwar giginya. Akan yanke ganyen, a busar da shi, a daidaita tsawonsa, sa'an nan marubuci ya karce baƙaƙe a kai da alƙalamin ƙarfe mai tsini. Akan shafa baƙin hayaƙi da mai domin rubutun ya fito, a huda ganyayen, a zura musu igiya, a matse su tsakanin katako biyu. Irin wannan littafi ba a samunsa a kasuwa kamar gishiri. Yana hannun malamai da firistoci, waɗanda da yawansu ba su yarda baƙo ya taɓa shi ba. Ga shi kuma laima da gara da ƙwari suna cin ganyen, don haka littafin da ba a sake kwafarsa ba, kwanansa ƙididdigagge ne.

Ziegenbalg ya sa kuɗinsa da lokacinsa cikin wannan nema. Ya sayi abin da aka yarda a sayar masa, ya ari abin da aka yarda a ara masa, ya ɗauki marubuta Tamilawa aiki suna kwafa, har yakan aike su cikin ƙasa su nemo littattafai. Bai tara su don ado ba. Kowace safiya yakan yi sa'o'i yana karanta sababbin littattafai a gaban wani tsohon mawaƙi mai fassara masa baitoci masu wuya, ga marubuci a gefe yana rubuta kowace sabuwar kalma. Da dare kuma yakan sa a karanta masa, domin ya huta da idanunsa, kunnensa kuma ya saba da lafazi. Da haka kafin ƙarshen 1708 ya haɗa ƙamus mai kalmomi wajen 20,000 na maganar yau da kullum, da wani mai wajen 17,000 na kalmomin waƙa.

Gani Ya Kori Ji

Ya zo Indiya da ra'ayin da yawancin Turawan zamaninsa suke da shi, cewa mutanen ƙasar jahilai ne marasa wayewa. Karatu ya kawar masa da wannan. Shi da kansa ya amsa a rubuce cewa haka ya ɗauka da fari, sai da ya karanta littattafansu ya ga harshe mai ƙa'ida, da nahawu, da waƙa, da zurfin tunani a kan Allah da halin ɗan adam. A 1708 ya juya ƙananan littattafai uku na koyar da halin kirki daga Tamil zuwa Jamusanci, domin mutanen gida su gani da idonsu.

A wannan shekara kuma ya rubuta jerin littattafan da ke hannunsa, ya sa masa suna Bibliotheca Malabarica, gama Malabar ne sunan da Turawa ke kiran Tamilawa da shi a lokacin. Ya kasa jerin kashi huɗu: abin da shi kansa ya rubuta da Tamil, littattafan Katolika, littattafan Hindu, da na Musulmin ƙasar. Kashi na uku ya fi girma, da littattafai 119. Cikinsu akwai Tolkappiyam, littafin nahawun Tamil mafi tsufa, da Tirukkural na Tirubaluwar, mai baitoci 1,330 a kan halin kirki da sha'anin mulki da ƙauna. A ƙarƙashin kowane suna ya yi bayanin abin da littafin ya ƙunsa, da marubucinsa in an san shi, da yadda mutane ke amfani da shi. Aikin mai kula da ɗakin littattafai ke nan na ainihi: ya tara, ya karanta, ya jera, ya bayyana, domin na baya ya san abin da ke akwai. An ce daga baya tarin ya kai littattafai wajen 300.

Kurkuku da Maɗaba'a

A Oktoba na 1708 ya fara juya Sabon Alkawari. Bai yi nisa ba sai rikicinsa da gwamna Johan Sigismund Hassius ya tsananta. Ziegenbalg ya tsaya wa wata gwauruwa Batamila a kan shari'ar bashi, gwamnan kuwa ya ɗauki wannan a matsayin tawaye. A Nuwamba aka kulle shi cikin ganuwar Dansborg, aka hana shi alƙalami da takarda, ya yi wata huɗu a ciki. Da aka sake shi a Maris na 1709 ya koma kan aikinsa, ya gama fassarar a Maris na 1711.

Amfanin ɗakin littattafan ya bayyana a nan. Mai fassara dole ya zaɓi kalmar da zai kira Allah, da zunubi, da alheri, da ceto. In ya zaɓa da ka, zai faɗi abin da bai nufa ba. Ziegenbalg ya san inda kowace kalma ta fito da nauyin da take ɗauke da shi a kunnen Batamile, domin ya gamu da ita cikin littattafansu. Ya kuma amfana da rubuce-rubucen masu bisharar Katolika da suka riga shi, waɗanda tun 1578 suka buga ƙaramin littafin koyarwar bangaskiya da baƙaƙen Tamil. Duk da saninsa na harshen mawaƙa, ya zaɓi ya rubuta da Tamil mai sauƙi wanda masunci da mai sayar da kaya za su gane.

A 1712 wata ƙungiyar Kirista a Landan ta aiko da injin buga littattafai, a 1713 kuma baƙaƙen Tamil suka iso daga Halle tare da masu aikin ɗab'i. Baƙaƙen sun yi girma, suna cin takarda, sai aka zuba ƙanana a Tarangambadi. Linjila huɗu da Ayyukan Manzanni suka fito a 1714, sauran Sabon Alkawari kuma a 1715.

Saɓani da Malaminsa

Daga abin da ya karanta, da kuma wasiƙun da ya yi ta musaya da malaman Tamilawa yana tambayarsu game da addininsu, ya rubuta manyan littattafai biyu da Jamusanci, ɗaya a 1711 a kan addini da al'adun Tamilawa, ɗaya a 1713 a kan allolinsu. Nufinsa shi ne masu bisharar da za su biyo baya su san mutanen da za su yi wa magana. Bai ɓoye bangaskiyarsa ba, ya yi jayayya da bautar gumaka a fili, amma ya bar mutanen su bayyana imaninsu da kalmominsu.

Francke ya ƙi buga su. A ganinsa an aiki masu bishara ne su kawar da arnanci, ba su baza labarinsa a Turai ba. Wannan hukunci ya fito ne daga mutumin da Ziegenbalg yake girmamawa kamar uba, wanda kuma ta hannunsa taimako ke zuwa. Ziegenbalg bai yanke zumunci ba, bai kuma daina nazari ba. Littattafan suka kwanta cikin ma'ajiya. Na 1713 bai fito da sunansa ba sai 1867, na 1711 kuwa sai 1926.

A 1714 ya tafi Turai neman goyon baya, ya auri Maria Dorothea Salzmann, aka kuma buga littafinsa na nahawun Tamil a Halle a 1716, shekarar da ya koma Indiya. A Oktoba na 1718 aka keɓe majami'ar Sabuwar Urushalima. Amma jikinsa ya riga ya gaji, ga kuma wasiƙu masu zafi daga hukumar mishan a Kopenhagen, wadda ke ganin makarantu da gine-gine ɓata kuɗi ne. Ya rasu ranar 23 ga Fabrairu, 1719, yana da shekara 36, aka binne shi cikin majami'ar da ya gina. Ya kai fassarar Tsohon Alkawari har Littafin Rut, Benjamin Schultze ya ƙarasa ta.

Abin da Ya Saura

Ikkilisiyar da ya bari ta rayu. Aaron, wanda ya yi wa baftisma a 1718, ya zama fasto Batamile na fari a 1733, har yau kuma ana sujada a Sabuwar Urushalima. Ɗakin littattafan ne bai sami magaji ba. Waɗanda suka biyo baya ba duka ne suka ga darajarsa ba, ganye kuwa ba ya jiran mai sakaci. Ba a yi shekaru da yawa ba yawancin littattafan suka watse ko suka lalace. Abin da mutum ɗaya ya tara da wahala, rashin mai kula ya cinye shi ba tare da wani maƙiyi ya ɗaga hannu ba.

Abin da ya tsira shi ne abin da aka rubuta aka aika inda ake adanawa. Ma'ajiyar gidauniyar Francke a Halle tana riƙe da wasiƙun mishan ɗin da tarin littattafan ganye na Tamil. Jerin 1708 ma ya tsira. An buga shi a 1880, a 2012 kuma masana biyu, Will Sweetman da R. Ilakkuvan, suka fitar da kashinsa na uku da Turanci a Pondicherry, suna bin sawun littattafan da ya ambata. Ta wurinsa masu bincike, Kirista da Hindu, suke sanin irin littattafan da ke yawo a hannun mutanen wannan gaɓa shekara 300 da suka wuce.

Rayuwar wannan bawan Allah tana da magana ga kowace ikkilisiya da kowane gida. Wanda yake so a saurare shi, sai ya fara saurarawa, ko da zai zauna a ƙasa tare da yara. Kuma tsofaffin littattafan baftisma, da wasiƙun dattawa, da littattafan waƙoƙi na fari da ke cikin akwatunan majami'u, ba za su kiyaye kansu ba. Suna bukatar wanda zai buɗe su, ya kakkaɓe, ya rubuta jerinsu, ya kuma nuna wa wani ƙarami inda suke.