Joseph Gomwalk: Gwamnan Binuwai-Filato Da Juyin Mulkin Dimka Ya Ci

Jama'a, duk wanda ya san Jos ya san sunan Gomwalk, ko da bai san mai sunan ba. Sakatariyar jihar Filato sunansa ne a kanta, akwai titi mai sunansa, ga kuma dogon benen nan na jaridar Standard. Amma na lura cewa a tsakaninmu Hausawa, musamman mu mazauna Kudu, abin da kawai muka riƙe shi ne yana cikin waɗanda aka harbe saboda kisan Janar Murtala. Ni masoyin Murtala ne, ban ɓoye ba. Duk da haka ina ganin tarihin wannan bawan Allah yana da darasin da ya shafe mu kai tsaye.

An haifi Joseph Dechi Gomwalk a 1935 a Amper, cikin ƙasar Angas, yankin ƙaramar hukumar Kanke ta yanzu. Ya yi makarantar mishan ta Gindiri, ya wuce Zariya, daga nan sai jami'ar Ibadan, inda ya samu digiri a kan ilimin dabbobi a 1961, lokacin da masu digiri a Arewa ba su da yawa. Ya fara aiki da gwamnatin Jihar Arewa, daga baya ya shiga aikin ɗan sanda.

A watan Mayun 1967 Gowon ya raba ƙasar nan zuwa jihohi 12, ya naɗa Gomwalk gwamnan Binuwai-Filato, hedikwata a Jos. Shekararsa 32 a lokacin. Ba shi kaɗai ne ɗan sanda a cikin gwamnonin ba, don Audu Bako na Kano da Usman Faruk na Arewa Maso Yamma su ma daga aikin ɗan sanda suka fito. Kuma kamar yadda Kanawa ke tuna Audu Bako da madatsun ruwa, haka mutanen Filato ke tuna Gomwalk da ayyukansa.

Shi ya yi ta faɗi-tashi har jami'ar Ibadan ta buɗe reshe a Jos a 1971, reshen da ya zama Jami'ar Jos a 1975. A 1972 ya kafa jaridar Nigeria Standard, kuma a zamaninsa aka samar da gandun namun daji na Jos. Tashar talabijin ɗin da gwamnatinsa ta kafa ita ce ta fara nuna hoto mai launi a Najeriya. Babbar kasuwar Terminus, wadda 'yan uwanmu da dama suka yi arziki a cikinta kafin gobarar 2002 ta cinye ta, a lokacinsa aka fara tsara ta.

To amma ba a rasa nono a ruga. A 1974 Aper Aku, wanda daga baya ya zama gwamnan Binuwai, ya yi rantsuwa a kotu yana zargin Gomwalk da almundahana. Gowon ya wanke gwamnansa, aka tsare Aku. Wannan ya ƙara wa jama'a jin haushin gwamnatin da ta janye alkawarin miƙa mulki a 1976. Ranar 29 ga Yulin 1975, Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, sojoji suka kifar da shi, Murtala ya hau. Aka sallami gwamnonin duka, aka bincike su. Biyu kawai suka tsira, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma. Gomwalk yana cikin goman da aka samu da laifi. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 kuma aka raba jiharsa gida biyu, Binuwai da Filato.

Bayan kwana goma sai ga abin da ya girgiza ƙasa. Safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu, Murtala ya kama hanyar barikin Dodan a baƙar marsandinsa, ba jiniya ba ayarin tsaro. Cunkoso ya tsayar da motar kusa da sakatariyar tarayya a Ikoyi, sojoji suka buɗe mata wuta. Suka kashe shi da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa. A Kwara aka kashe gwamna Kanar Ibrahim Taiwo. Motar tana nan a gidan tarihi na Onikan, wanda ke Legas zai iya zuwa ya ga ramukan harsashin da idonsa.

Jagoran abin shi ne Laftanar Kanar Buka Suka Dimka. Ya shiga gidan rediyo ya yi sanarwa, ya je wurin jakadan Ingila yana neman a haɗa shi da Gowon, wanda ke karatu a jami'ar Warwick. Kafin yamma juyin mulkin ya rushe, Dimka ya sulale, sai a farkon Maris aka cafke shi a yankin Abakaliki.

A nan ne igiya ta zarge Gomwalk. Dimka Ba'angashe ne, Gowon Ba'angashe ne, Gomwalk ma haka, kuma akwai surukuta tsakanin gidan su Dimka da na su Gowon. Da Dimka ya shiga hannu ya yi ta ambaton sunaye. Aka gurfanar da tsohon gwamnan gaban kotun soja wadda ta yi zamanta a asirce, ba ɗaukaka ƙara zuwa kotun farar hula. Ranar 11 ga Maris aka harbe mutum 32, ciki har da ministan tsaro Manjo Janar Iliya Bisalla, shi ma ɗan Filato. Ranar 15 ga Mayun 1976 aka harbe Dimka da Gomwalk da wasu biyar a Legas. Shekararsa 41. Helen Gomwalk, matar ɗan uwansa, ɗaurin rai da rai aka yanke mata.

Gwamnati ta ce da hannunsa a ciki. Mutanen Filato da yawa har gobe ba su yarda ba. Da a bainar jama'a aka yi shari'ar, da kowa ya ji hujja ya yi wa kansa alƙalanci. Da yake a rufe aka yi, sai ciwon ya ƙi warkewa, kuma aka daɗe ana yi wa ɗan Filato kallon maci amana. Alhali Kanar Joe Garba, wanda ya yi sanarwar hamɓarar da Gowon har Murtala ya hau, ɗan Langtang ne a Filato. Janar Danjuma, wanda ya tsaya tsayin daka aka murƙushe Dimka, ɗan Takum ne, garin da ke cikin tsohuwar jihar Gomwalk.

Sannan ku dubi yadda rana ta juya. Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa su ne na ɗaya da na biyu a gwamnatin da ta zartar da hukuncin 1976. A 1995 Abacha ya gurfanar da su gaban irin wannan kotu ta asiri bisa zargin juyin mulki. Obasanjo ya ɗanɗani gidan yarin Jos kafin a kai shi Yola. 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disambar 1997. A 1998 kuma a Jos ɗin nan kotun Janar Victor Malu ta yanke wa mataimakin Abacha, Janar Oladipo Diya, hukuncin kisa. Rasuwar Abacha a watan Yuni ce ta cece shi.

Mu da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal mun san ɗacin a ɗora wa mutum laifin ɗan garinsu. A Afrilun 1990 Manjo Gideon Orkar ya shiga rediyo a Legas ya ce ya cire Sakkwato, Kano, Katsina, Bauchi da Barno daga Najeriya. Da abin ya yi nasara, mu ne farkon waɗanda za a nuna wa hanyar tasha. Don haka idan mun tuna Murtala mun yi masa addu'a, kada mu haɗa da zagin ƙabilar da Dimka ya fito daga cikinta. Kuma duk wanda ake zargi, namu ne ko ba namu ba, mu nemi a yi masa shari'a a fili.

Allah ya jiƙan Murtala, ya zaunar da Jos lafiya, ya tsare mu a inda muke neman abinci.